Gwangwanayen Teburin Taga

3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Maman yara tana gaishe ki, kumburin ƙafar nan nata ya sauka. Yara duk suna makaranta. Ni ma lafiya lau, sai dai bayana da ke tuna mini shekaruna duk sanda na ɗaga babbar tukunya. Walƙiya tana nan tana kai abinci tebur-tebur, amma tari ya sa ta gaba tun watan jiya, saurin nan nata da muke taƙama da shi ya fara ja da baya. Na ce ta riƙa shan zuma da lemun tsami.

Kin san ni da waya ba ma shiri in magana ta yi nauyi. In na kira ki, kafin in kai ƙarshen magana ɗaya kin jero mini goma, in ajiye waya ban faɗi abin da ke raina ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Saboda haka ki zauna ki karanta.

Ranar Talata da hantsi gidan abinci ya cika, rediyon kan kanta yana ta surutunsa babu mai kula shi. Sai Hedimasta, abokin Baba, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru! Wallahi muryar Auta ce." Cokula suka tsaya. Na fito daga kicin da ludayi a hannu. Mai gabatar da shirin ya ce ga jami'a daga ma'aikatar lafiya, za ta yi bayanin sabuwar dokar hana shan taba a gidajen abinci. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya yi girma har na ji hular ta matse ni. Akwai wani baƙo yana cin shinkafarsa, na dafa kafaɗarsa na ce, "Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan wancan teburin ta koyi karatu." Bawan Allah bai tambaye ni ba.

Sai kika faɗi abin da kika faɗa. Kika ce a gidan abinci kika tashi, kin san warin hayaƙin da ke maƙale wa rigar makaranta. A gaban duniya, Auta! Gidan da Baba, Allah ya jiƙansa, ya kafa da tukunya ɗaya da benci biyu, shi kika ɗauko kika yi misali da shi. Direba ya dubi karan sigarin da ke hannunsa, ya dube ni. Tela ya ce, "To, 'yar gida ta yi mana talla." Na koma kicin na ƙona albasa, abin da rabona da yin sa shekara ashirin.

Bari in tuna miki, ko karatu ya sa kin manta. Gwangwanayen madarar nan da ake zuba toka a ciki, Baba ne ya yanke su da hannunsa, ya lanƙwashe bakinsu don kada su yanki kowa. In mutum ya gama cin abinci Baba ya ajiye masa gwangwani a gabansa, ya san abin da aka ce masa: zauna, nan gidanku ne, babu mai korarka. Yau cikin abokansa mutum uku suka rage, Direba da Tela da Hedimasta, kullum suna teburin taga. Su suka ɗauki makarar Baba. Dokarku ta ce ranar ɗaya ga Mayu in kwashe gwangwanayen. In na kwashe, na ce musu su tashi ke nan.

Kuma ina da tambaya. Mutum ya yi shekara saba'in da huhunsa, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, sai yau gwamnati za ta koya masa abin da zai zuƙa? Gwamnatin da ta kasa gyara kwatar da ke bakin ƙofata? In tabar guba ce, me ya sa ba a hana sayar da ita ba, sai dai a karɓi harajinta da hannun dama a nuna mini yatsa da na hagu? Yau taba, gobe ku zo ku auna mini gishiri, jibi ku ƙirga cokalin sukarin da Hedimasta ke zubawa a shayi.

Ina jiran amsarki.

Yayanki


12 ga Maris

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta ta sau uku, na farko ina dariya, na biyu ina jin haushi, na uku kuma kewar gida ta kama ni. Ina nan lafiya, sai aiki da ya yi yawa. Ka gaishe mini da Maman yara, ka ce na yi murna da saukar ƙafa. Bayanka kuwa ba shekaru ba ne, taurin kai ne. Sau nawa na ce ka daina ɗaga tukunyar nan kai kaɗai?

Maganar rediyo, ka yi haƙuri da zafin da ka ji. Ban ambaci sunan gidanmu ba, ban ambaci titinmu ba. Da ba ka dafa kafaɗar baƙo ba, da babu wanda zai sani sai mutum huɗu. Amma ban yi ƙarya ba, Yaya. A aji, in malama ta zo kusa da ni sai ta shinshina ta ce, "Wa ke shan taba a gidanku?" In ce babu kowa, yara su yi dariya, don kowa ya san Baba bai taɓa sa kara a baki ba, kai ma haka. Ban faɗi wannan don in kunyata gidan ba. Da tukunyar gidan nan na yi karatu, ko a gaban wa zan faɗa da ƙarfi.

Yanzu tambayoyinka. Maganar haraji ka yi gaskiya, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, ni ma ba ta gamshe ni ba. Maganar kwata ma ka yi gaskiya. Gishiri da sukari kuwa, ka kwantar da hankalinka. A ofishinmu akwai wani mai gilashi da ya kawo shawarar a hana ajiye gishiri a kan tebur, ni na tashi na ce masa a'a, har muka yi kwana biyu ba ma gaisawa. Na ce masa babba ba yaro ba ne, abin da zai sa a cikinsa shi ya shafa, namu faɗakarwa kawai.

To me ya bambanta taba? Gishirin da Baba Tela ya barbaɗa a farantinsa, a cikinsa yake tsayawa. Sukarin Hedimasta a kofinsa yake. Hayaƙi kuwa bai san kujerar mai shi ba. Yana tashi ya zaga ɗaki, ya shiga hancin mai jego da ta shigo cin abinci da jariri a baya, ya shiga hancinka kai da ba ka saya ba. Dokar ba ta ce Baba Direba ya daina sha ba. Huhunsa nasa ne, in ya so ya sha kwali guda a rana, sai dai in roƙe shi don Allah ya rage. Abin da ta ce shi ne kada ya sha da huhun wani.

Wanda ya zo cin abinci ma yana da zaɓi, in hayaƙi ya dame shi gobe ya tafi wani wuri. Amma akwai wanda ba shi da wani wurin. Ka ce Anti Walƙiya tana tari tun watan jiya, ka wuce maganar a layi biyu tsakanin bayanka da lemun tsami. Don Allah ka kai ta asibiti a ɗauki hoton ƙirjinta. Zuma ka ajiye wa shayi.

Ka gaishe mini da iyayena na teburin taga. Ka ce wa Baba Tela tallar da na yi kyauta ce.

Ƙanwarka,
Auta


20 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ƙaramin yaronmu ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya warke har ya koma ɓarna.

Na ga takardarki, na ga kuma yadda kika ɗauko tarin Walƙiya kika mai da shi sandar dukana. Shekara ashirin da ɗaya matar nan tana gidan nan, tun shekarar da kika tafi makarantar kwana. Lokacin da mijinta ya rasu mu muka tsaya mata. Da hayaƙi na damunta, da ba ta faɗa mini ba? Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa uffan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kuma kina can kina hango rufinmu daga ofis mai sanyi. Tari ne na sauyin yanayi, zai wuce.

Ga labari, ki ji shi daga bakina kafin ki ji a wani wuri. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta yi taro ranar Asabar, aka ce wa zai jagoranci koke, kowa ya juyo ya dube ni. Hedimasta ne ya tsara mana takardar, da kalmomin da ni kaina sai da ya fassara mini. Na ɗauke ta na bi gida-gida da ƙafata, mutum sittin da huɗu suka sa hannu, sunana ne a sama. Da Baba yana raye da ya ga ɗansa. An aika ta ma'aikatarku, ƙila ma ta biyo ta kan teburinki.

Abu biyu muka ce. Na farko, dokar ta hana sha har a ƙofar gidan abinci daga waje, wannan zalunci ne, titi ba na kowa ba ne. Na biyu, a bar kowane mai gida ya ware wa masu sha kusurwa ɗaya.

Yanzu ga roƙona, kuma kin san ban saba roƙonki ba. In ma an ƙi koken, ki yi magana da manyanki a kan gidanmu. Tebur ɗaya, Auta. Yana bakin taga, tagar a buɗe take, ga fanka. Tsofaffi uku ne, Allah kaɗai ya san shekara nawa suka rage musu. In na ɗauke gwangwanayen nan za su watse, kowa ya koma ya zauna a ɗakinsa yana kallon bango, ni kuma in rasa mutanen da suka rage masu kirana da sunan da Baba ke kirana. Baba ya sha faɗa cewa ba a kafa wa baƙo doka. Ke 'yarsa ce kamar yadda nake ɗansa. Naka sai naka.

Ki ba ni amsa kafin wata ya ƙare.

Yayanki


10 ga Afrilu

Auta,

Muna lafiya, in har kina son sani.

Yau kwana ashirin da ɗaya. Kullum mai kawo wasiƙu ya wuce sai in leƙo daga kicin, har ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa yana girgiza kai. Na kira wayarki sau biyu duk da ni da waya ba ma shiri, a kashe take. Direba ya tambaye ni ko kin amsa, na ce kina nazari. Tela ya ce, "Manya ba sa amsa wa masu ludayi."

Na gane. Shiru ma magana ce. Na roƙe ki abu ɗaya a rayuwata, kin ga bai kai ki ɓata takarda a kansa ba.

Hotonki na ranar karɓar digiri, wanda Baba ya rataye da hannunsa a saman teburin taga, na sauke shi jiya. Ban fasa ba, ban yar ba, yana cikin durowar kanta a naɗe cikin tawul. Ba zan iya tsayawa ina yi wa mutane bayanin dokar da za ta kori abokan ubanki, kina kallona daga bango da hula mai igiya ba.

Wurin da hoton yake ya bar fari fat a bangon. Ni da na ɗauka launin ɗakin nan ruwan ƙasa ne tun asali, har na yi musu da Maman yara, ta ce Baba farin fenti ya shafa. To, tsufan bango ne. Kada ki ɗauko wannan ma ki kai rediyo.

Saura mako uku. Gwangwanaye suna inda suke, kuma a nan duba-gari zai same su. In tara ce ya yanka, in rufewa ce ya rufe.

Yayanki, in har yanzu ni ne


16 ga Afrilu

Yayana,

Assalamu alaikum. Kai ne, kuma kai ne har gobe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle ni ban ruɓe ba, tafiya na yi. An tura mu ƙauyuka duba rijiyoyi, mako uku da kwana biyu, inda ko waya ba ta kamawa. Jiya na dawo baƙi wuluk da rana, na tarar da takardunka biyu a kan tebur, ɗaya a kan ɗaya. Na karanta ta biyun na rufe ƙofar ofis na yi kuka. Ina lafiya, ina fatan ƙaramin ya warware sarai.

Bari in fara da albishir. Kokenku ya iso kafin in tafi. Da na ga sunanka a sama, da rubutun nan naka mai kama da ƙugiya, ni na ɗauke shi da hannuna na kai wa darakta. Na ce masa, "Wannan na farkon yayana ne, kuma maganarsa ta farko gaskiya ce." An zauna a kai ina can daji. An cire sashen da ya hana sha a waje. Duk mai gidan abinci a ƙasar nan da zai ajiye benci a ƙofarsa, albarkacin ƙafarka ne. Na yi ta nuna wa mutane sunanka har mai gilashi ya gaji da ni.

Roƙonka kuwa, ba zan yi ba, Yaya. Ko da ina da iko ba zan yi ba. In na cire gidanmu, da wane ido zan dubi sauran sittin da ukun da ka bi gida-gida? Kai ma da kanka za ka raina ni bayan kwana biyu.

Ka ce Anti Walƙiya ba ta taɓa cewa uffan ba. Mace mai marayu huɗu za ta dubi mai gidan da ya tsaya mata ta ce abokan ubansa suna cutar da ita? Ba zan yi maka gardama ba. Abu ɗaya nake so ka yi. Gobe in ta ɗauki tire za ta kai teburin taga, ka bar tukunya ka tsaya bayanta a ƙofar kicin, ka dubi kafaɗunta. Ni na gani zuwana na bara, na tambaye ta, ta roƙe ni kada in faɗa maka. Ban faɗa ba. Ka duba da idonka.

Saura magana ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kana ta cewa abokan Baba, kamar ni ban damu da su ba. Ni ce ma zan ce ba su damu da ni ba. Ina 'yar firamare, kullum ƙarfe huɗu in na shigo da jakata zan zauna a teburin taga, sai su miƙe gaba ɗaya su fita gindin mangwaron ƙofa. Kullum, shekara shida. Ina jiyo dariyarsu daga waje, ni kaɗai a tebur da littafi. Kai ba ka sani ba, lokacin kana kasuwa sayen kayan miyar yamma, kafin ka dawo na tafi gida. Na tashi da sanin cewa surutuna ne ya ishe su, ko kuma ba sa son zama da 'ya mace. Duk da haka ina gaishe su, ina kuma ƙaunarsu, don Baba yana ƙaunarsu.

Hoton ka bar shi a durowa in ka fi samun sauƙi. Tawul ɗin dai ya zama mai tsabta.

Ƙanwarka,
Auta


5 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Auta, jami'ar gwamnati, 'yar Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Maman yara da yara. Kowa lafiya. Maganar Walƙiya tana tafe, ki bi ni a hankali, don abin da yawa kuma ban saba ba da labarin da ni ne na sha kaye a cikinsa ba.

Na yi abin da kika ce, ba don na yarda ba, sai don in samu abin da zan rubuto miki. Na tsaya bayanta a ƙofar kicin. Ta ɗauki tire, ta tsaya, kafaɗunta suka ɗaga. Ta ja numfashi ta cika ƙirji ta riƙe. Sannan ta ruga, ta sauke faranti uku, ta kwashe kofuna, ta juyo, ba ta saki numfashin ba sai da ta dawo bayan labule ta dafa bango. Na ƙirga ranar, sau goma sha tara. Auta, shekara ashirin da ɗaya muna yi mata kirari da sauri, Baba da kansa ya sa mata Walƙiya, ni kuma ina nuna ta ga baƙi ina cewa babu irinta a garin nan. Ashe matar nan gudun hayaƙi take yi. Na ce mata, "Me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Mai gida, in na faɗa ka zaɓi wa?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari na rufe kicin da hantsi na kai ta asibiti da kaina. Likita ya ce hanyoyin numfashinta sun kumbura sun ƙuntata, ya ba ta abin shaƙa, ya ce in ta rabu da hayaƙi za ta samu sauƙi sosai, amma ba za ta koma kamar da ba. Wannan rabin maganar na ƙarshe ni zan ɗauke shi har kabarina.

Duk da haka ban san yadda zan dubi tsofaffin nan ba. Sai na ɗauko takardarki na karanta musu, har wurin da kika yi maganar ƙarfe huɗu. Ki yafe mini, na san sirri ne. Direba ya fashe da dariya har ya ƙware, sai kuma na ga yana share ido da hularsa. Ya ce, "Yarinyar nan! Mu da muke rige-rigen saya mata fensir? Ai ubanku ne. Da ya hango ta ta shawo kwana da jakarta, sai ya zo ya bi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya ya kife su. Ba ya cewa komai. In ka ga gwangwaninka a kife, ka san Auta ta iso, mai son sha ya fita." Hedimasta ya ce wata rana ruwan sama ake yi, wani ya ce yau dai a yi haƙuri, Baba ya miƙa masa lema.

Na ce, "To ina maganar ba a kafa wa baƙo doka?" Direba ya ce, "Ai bai kafa mana ba. Kifewa kawai yake yi."

Ranar ashirin da takwas ga wata, saura kwana uku dokarku ta fara, suna gama cin abinci na zo na tsaya a kansu. Na kife na Direba, na kife na Hedimasta, na kife na Tela. Na ce na sa benci a gindin mangwaro, shayi zai same su a can, tebur kuma nasu ne har abada in dai hira ce. Na zaɓi ranar da gangan. Ina so a sani cewa a gidan nan ɗan mai gida ne ya kife gwangwani, ba gwamnati ba.

Direba ya miƙe ya fita yana waƙa. Hedimasta ya bi shi da jaridarsa. Tela ya daɗe yana kallon gwangwaninsa, sannan ya ce, "Ubanka na awa biyu yake kifewa, kuma kai ba ubanka ba ne." Ya sa takalmi ya tsallaka titi ya shiga shagonsa. Yau kwana bakwai bai dawo ba. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Kullum da la'asar ni da kaina nake tsallakawa in ajiye masa shayi a kan keken ɗinkinsa. Ba ya ɗago kai, amma kofin yana dawowa babu komai a ciki.

Duba-gari ya zo ranar ɗaya ga wata da littafinsa da takardar mannawa a bango. Ya shinshina nan, ya shinshina can, ya ga gwangwanaye uku a jere a kan kanta, a kife. Ya ce waɗannan fa? Na ce kayan gado ne. Ya ce lallai na yi saurin bin doka. Na ce masa, "Samari, dokar gidan nan ta girme ka." Na kuma nuna masa kwatar ƙofa, na ce tunda ya zo da littafi ya rubuta.

Kada ki ɗauka kin ci ni da gardama. Har yanzu ina nan a kan bakana: abin da mai gida zai yi da hannunsa ya fi abin da za a sa shi da tara, kuma ranar da mai gilashinku ya zo auna mini gishiri zai sha ludayi. Sai dai na yarda da abu ɗaya. Ba kowace yarinya ce take da uba mai kife gwangwani ba, Walƙiya kuma ba ta samu ko ɗan'uwa mai ido ba. In don irinta kuka yi dokar, to ku yi.

Na sa an yi wa ɗakin fenti, na ce wa mai fentin ya bi launin wurin da hotonki ya rufe. Yanzu mutane suna shigowa suna tambaya ko na ƙara fitila. Hoton ya koma ƙusarsa. Walƙiya tana kai abinci a hankali, tana tsayawa ta yi hira da Hedimasta, har na fara tunanin sai mun sake mata suna.

Saƙo daga Direba da Hedimasta. Sun ce ki ɗauki hutu ki zo, kuma ki shigo da ƙarfe huɗu daidai, da jaka a kafaɗa. Na tsallaka na gaya wa Tela, bai ɗago ba, sai da na juya zan fita ya tambaye ni wace rana za ki zo. Za su miƙe su fita gindin mangwaro su bar miki teburin kamar da. Wannan karon in kin jiyo dariyarsu daga waje, kin san don wa suka fita.

Yayanki